Wane takalmi ya dace da babbar riga, wane ne kuma na kwat?

Tambaya: Za a ɗaura aurena ranar Asabar da ƙarfe 11 na safe a masallacin unguwa, daga nan mu wuce gaisuwar iyaye da walima. Na ɗinka babbar riga ta farar shadda. Bayan biki kuma zan fara aiki a wurin da ake sa kwat. Wane takalmi zan saya? Akwai guda ɗaya da zai yi min duka biyun?

Amsa: Allah Ya sanya alheri, ƙanena, Ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari. Gaskiyar magana takalmi biyu kake buƙata, domin babbar riga da kwat kowanne da abin da yake nema a ƙafa. Idan aljihu bai kai ba akwai guda ɗaya da zai iya riƙe maka duka biyun, zan zo kansa. Amma bari mu fara da ranar ɗaurin auren, tunda ita ce a gaba.

Kafin ka kalli launi ko suna ko farashi, ka zauna ka lissafa sau nawa za ka cire takalmi a wannan rana. Za ka cire a ƙofar masallaci. Za ka cire a zauren mahaifin amarya. Za ka cire in an shiga da kai cikin gida gaida iyaye mata, ka cire a kan tabarmar walima, ka cire domin alwalar azahar da ta la'asar. Idan akwai mai sarauta a dangi aka kai ka gaisuwa, tun daga nesa za ka tuɓe. Taron rana a wurinmu taron tuɓe takalmi ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya fitar da takalmi mai igiya daga lissafi. Ango da babbar riga mai nauyin aiki, hannuwan riga a naɗe a kafaɗa, ya sunkuya a bakin masallaci yana kwance igiya jama'a na turereniya a bayansa, riga na jan ƙasa: ba kyan gani, kuma shaddar ce za ta sha ƙura. Abin da kake so shi ne takalmin da za ka zura ƙafa kana tsaye, ka zare kana tsaye, ba tare da ka sa hannu ba.

Wannan ya bar maka iri uku. Akwai sau-ciki marar igiya, wanda ya rufe ƙafa gaba da baya. Akwai haf-koba, mai rufaffen gaba da buɗaɗɗen baya. Sai buɗaɗɗen takalmin fata, wanda yatsu ke waje.

Ga ango, ni sau-ciki nake zaɓa, ko haf-koba mai kyau. Babbar riga tufa ce mai faɗi da nauyi, tana son abin da zai tare ta a ƙasa. In ka sa siririn buɗaɗɗen takalmi a ƙarƙashin riga mai aska takwas, sai ka ga mutum ya cika a sama ya tsuke a ƙasa. Rufaffen gaba yana ba shigar cika. Haf-koba ya fi sauƙin cirewa, ya fi shan iska a bazara, shi ya sa ya karɓu sosai a wurin masu kaftani. Aibinsa biyu: in bai kama bayan ƙafa sosai ba yana tafiya yana tafi, fat-fat, kuma dunduniyarka a waje take, duk ƙurar hanya a kanta. In za ka saye shi, ka tabbata rufin ya hau sosai har kusa da wuyan ƙafa, ba wanda ya tsaya a kan yatsu ba, kuma dunduniyarka ta zauna cif a kan takalmin, ba ta leƙo baya ba. Buɗaɗɗen takalmin fata ba laifi ba ne, shi ne ma na iyaye da kakanni, kuma dattijo da rawani da buɗaɗɗen takalmi na kirki ya fi kowa kwarjini a wurin. Ga abokan ango masu kaftani ma ya yi. Kai dai da idon kowa ke kanka, kuma hotunan ranar za su daɗe a bango, rufaffen ya fi maka.

Ka tuna kuma wandon babbar riga ba ya rufe takalmi. Yawancinmu a idon sawu yake tsayawa, wasu ma sama da haka. Ke nan takalmin gaba ɗayansa a fili yake, daga hanci har dunduniya, babu inda za ka ɓoye aibi. Shi ya sa nake cewa ka nemi marar hayaniya. Aikin da ke wuyan riga da hular da ke kanka su ne adon ranar. Takalmi mai ƙaton tambarin ƙarfe mai ruwan zinare, ko mai zanen fatar kada na bugu, ko mai dogon hanci da ya wuce yatsu da nisa har ya lanƙwashe sama, duk suna jan ido zuwa ƙasa, su raba hankalin mai kallo. Ka nemi hanci mai ɗan zagaye, fata lafiyayya, ɗinki siriri, dunduniya gajeriya da ba ta wuce santimita 2 zuwa 3 ba.

Batun launi ba shi da wahala kamar yadda matasa ke ɗauka. Farar shadda tana karɓar baƙi, tana karɓar ruwan ƙasa mai duhu. Baƙi ya fi nuna girman taro. Ruwan ƙasa ya fi taushi a ido da rana tsaka, kuma ya fi ɓoye ƙura. In hularka tana da zare mai ruwan goro ko ruwan ƙasa, ka bi ta da takalmi mai kusancin launi, haka ma maɗaurin agogo. Ba sai sun zama iri ɗaya sak ba. Kusanci ya wadatar. Farin takalmi da farar riga wasu na so, kuma yana kyau a sa'ar farko, amma a taron da za a tattake ka a ƙofar masallaci, kafin azahar ya tashi daga fari. Shuɗi, kore, ja mai haske, waɗannan ka bar su sai wata rana. Abin da nake yawan gani yana ɓata shiga shi ne mutum ya ɗinka shadda ruwan sararin samaniya ya dage sai ya samo takalmi mai wannan launin. Ba a yin fata ta kirki da yawa a irin waɗannan launuka, sai ya ƙare da roba.

Abu biyu kuma ka kauce musu. Na farko takalmi mai sheƙin gilashi. Ko a wurin Turawan da suka ƙirƙiro shi, na liyafar dare ne; da rana yana walƙiya fiye da kima, ƙura na manne masa, kuma rufin da ke kansa ba ya barin iska ta shiga, ƙafa sai ta dahu. Na biyu fata mai gashi-gashi kamar karammiski. Tana da kyau ƙwarai, amma in bikinka ya faɗo a hunturu za ta sha ƙura, in damina ce tabon ruwa ba ya fita da sauƙi. Kambas kuwa da silifas ba sa cikin wannan zance.

A al'adarmu ma takalmi yana da matsayi, ba kowane ake sawa don an ga ya yi kyau ba. Takalmin gashin jimina a Kano na gidan sarauta ne, kuma tarihi yana danganta shigowarsa da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Dogayen takalman hawa masu ado kuma na kan doki ne, ranar hawan Sallah. Na faɗi wannan ne saboda yanzu ana yi wa angwaye kayan ɗaukar hoto na alkyabba da rawani da takalma masu kama da na sarauta. A hoto wannan ruwanka ne, amma kada ka shiga taron da masu abin suke da su a ƙafarka.

Yanzu ga inda kuɗinka zai tafi ko ya tsira: fata. Mu 'yan ƙasar fata ne. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana cikin mafi kyau a duniya, kuma ita ce ayari ke ƙetare Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda ake fitar da takalman Kano zuwa ƙasashe masu nisa. Har yau masana'antun jima na Chalawa da Sharaɗa suna fitar da fata zuwa Italiya da Sifaniya, ta dawo mana a matsayin takalmi mai tsada. Duk da haka, mafi yawan abin da ke rataye a shaguna yau ba fata ba ne, yadi ne aka shafa wa roba aka buga masa zanen fata. A sanyin shago ba ka bambancewa. A zafin Afrilu, bayan 'yan watanni, sai ya fara ɓarewa daga inda ƙafa ke lanƙwasawa, kuma ba ya gyaruwa. Babu mai gyaran takalmin da zai mayar da shi. Ga gumi, domin roba ba ta numfashi, kuma kai da za ka tuɓe takalmi a zauren surukai ka san abin da gumin ƙafa ke jawowa. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce, domin akwai roba mai tsada da tambarin Italiya a ciki.

Ga yadda za ka gwada. Ka shinshina: fata tana da ƙamshinta, roba tana warin gam da leda. Ka danna da babban yatsa: fata tana yin ƙananan tamoji a kewayen yatsan ta koma daidai, roba tana lotsawa kawai. Ka nemi inda aka yanke, a bakin harshe ko cikin takalmin: fata za ka ga zare-zaren nama, roba za ka ga yadi ko soso a bayanta. Ka duba ƙananan ƙofofin gashi a fuskar; na fata ba su jeru daidai ba, na bugu kuwa zane ɗaya ne ke maimaituwa. Sannan ka zura hannu ciki, domin wannan shi ne abin da mutane ke mantawa: shafin ciki. Takalmi na iya zama fata a waje, roba a ciki, kuma na cikin shi ne ke manne da ƙafarka wuni guda.

Jima iri biyu ce. Akwai ta gargajiya da bagaruwa, wadda majemanmu ke yi, sannan dukawa su rina ja da karan dafi. Tana da ƙarfi, tana ƙara kyau in ta tsufa, amma ba ta son ruwa, kuma in ba a gama ta da kyau ba tana wari, rinin ma yana iya zuba. Wannan na ƙarshe ka kula da shi ƙwarai tunda farar shadda za ka sa: ka goga farin ƙyalle mai ɗan laima a bakin takalmin, in ya ɗauko launi to zai ɗauko a bakin wandonka. Akwai kuma jimar masana'anta da sinadari, mai laushi, mai jure laima, launinta a zaune. Yawancin sau-ciki na zamani da ita ake yi. Fatar ɗan maraƙi ita ce ta ɗaya ga rufaffen takalmi don tana ɗaukar goge ta riƙe siffa. Fatar akuya ta fi laushi da rashin nauyi, ta dace da haf-koba da buɗaɗɗe.

In kana da mako uku ko huɗu kafin biki, ka je wurin mai ɗinkin takalmi ya auna ƙafarka ya yi maka. A Kano akwai su a wajajen Ƙofar Wambai da Kurmi, akwai a Zariya da Sakkwato da Jos da Damagaram. Ka ce ya nuna maka fatar kafin ya yanka, ka ce kana son shafin fata a ciki, kuma a ɗinke ƙasan, kada a tsaya ga gam kaɗai. Gam yana saki a zafin kwalta. Ƙasan fata zalla ya fi kyan gani da sauti, amma sabo yana santsi a kan tayil, kuma masallatai da ɗakunan taro yanzu duk tayil ne. A sa maka siririyar roba a tafin da dunduniyar. In kuma gwanjo za ka saya, ana samun fata ta gaske a cikinsa da sauƙin kuɗi, sai dai ka lanƙwasa ƙasan ka karce shi da farce. Akwai irin ƙasan roba mai kumfa da ke ruɓewa in ya daɗe a ajiye. A ido lafiya lau, ka yi tafiya kaɗan ya fara marmashewa.

Awo kuwa, kada ka aika a sayo maka da lamba. Lambar Turai, irin su 42 da 43, tazarar da ke tsakanin lamba da lamba kashi biyu cikin uku ne na santimita. Ta Ingila, irin su 8 da 9, kashi ɗaya cikin uku na inci. 42 ya yi kusa da 8, 43 ya yi kusa da 9, amma kowane kamfani da katakon da yake gina takalminsa a kai, kuma lamba tsawo kawai take faɗa, ba ta faɗin faɗi. Wanda ya tashi da buɗaɗɗen takalmi yawanci yatsunsa a baje suke, takalmin Italiya kuwa siriri ne. Ka je da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura da zirga-zirgar wuni. Ka gwada duka ƙafafun, don ɗaya takan fi ɗaya, kuma da irin safar da za ka sa. Ka miƙe tsaye: a bar kamar santimita 1 tsakanin dogon yatsanka da hancin takalmin, inda ƙafarka ta fi faɗi ya zauna inda takalmin ya fi faɗi, dunduniya kada ta riƙa fita in ka ɗaga. Mai shago zai ce maka zai buɗe. Fata tana ɗan buɗewa ta gefe, ba ta ƙara tsawo. Sau-ciki marar igiya ma ya fi buƙatar awo daidai, don babu abin da za ka ja ka matse shi. Ka saya da wuri, ka riƙa sa shi a gida na sa'a ɗaya ko biyu kullum har mako guda. Sabon takalmin da aka fara sawa ranar biki shi ke sa ango ɗingishi kafin la'asar.

Kwat kuma dokarsa daban ce, kuma tunda tufar Turawa ce, ƙa'idarsu ake bi. Takalmin rana mafi daraja a wurinsu shi ne baƙi mai igiya da ake kira Oksfod: wanda ɓangarorin ramukan igiyar ke ɗinke a ƙasa, su haɗe bakinsu in an ɗaure, da layin ɗinki ɗaya a kan hanci. Shi ake sawa da doguwar rigar bikin safe a Ingila, kuma a sashen sarauta na gasar tseren dawaki ta Askot doka ce namiji ya sa baƙin takalmi da safa. Na biye da shi Dabi ne, wanda ɓangarorin igiyarsa ke buɗe kamar fukafukai. Bai kai Oksfod daraja ba, amma ya fi daɗi ga mai tudun ƙafa ko faɗi, kuma babu ofishin da zai ƙi shi. In aikinka na lauya ne ko banki, baƙi kawai. A kotu lauya ba ya shiga da wani launi. In ofis ne mai sassauci, ruwan ƙasa mai duhu yana tafiya da kwat shuɗi mai duhu ko ruwan toka, amma ba ya tafiya da baƙin kwat. Bel ya bi launin takalmi. Safa ta bi launin wando, ta yi tsawon da in ka zauna ƙwaurinka ba zai fito ba. Farar safa da haf-koba ba su da wuri a ƙarƙashin kwat.

To in kuɗin na guda ɗaya ne? Ka sayi baƙin sau-ciki marar igiya, na fatar maraƙi, marar ado ko kaɗan, mai siririn ƙasa, wanda rufinsa ya hau sosai a kan ƙafa. Da babbar riga ya zauna daidai. Da kwat ya ɗan sauka daga Oksfod, amma a ofisoshinmu ya wadatar, kuma zai yi maka sauƙi lokacin sallar azahar da la'asar a wurin aiki. In albashi ya fara shigowa sai ka ƙara mai igiya, ka riƙa yi musu karɓa-karɓa, don fata tana son hutun kwana ɗaya ta bushe daga gumi.

Saura ƙafar kanta, tunda za ta fito fili sau da yawa. In sau-ciki ne, ka sa sabuwar safa ta auduga, siririya, mai duhu, ka kuma ajiye ta biyu a mota. In haf-koba ne ko buɗaɗɗe, babu safa. Ka yanke farce, ka fara goge kaushi da shafa man kaɗanya tun mako biyu kafin ranar, musamman in hunturu ne da faso ke tsaga dunduniya. Bayan alwala ka tsane ƙafa da hankici kafin ka zura ta, don laima ce ke kawo wari ta kuma lalata shafin ciki. In takalmin ya jiƙe, ka cusa masa takardar jarida ka ajiye a inuwa. Rana tana busar da fata ta tsattsage. Ranar Juma'a da dare ka share shi, ka shafa masa man goge mai launinsa kaɗan, ka bari ya sha, ka buga buroshi, sannan ka goge bakinsa da ƙyalle sosai don kada man ya taɓa farin wando.

A ƙofar masallaci kuma kada ka bar shi cikin tulin takalman jama'a. Ko ba a ɗauke ba, za a tattake shi, ko wani ya zura ƙafa bisa kuskure. Ka sa ɗaya daga cikin ƙannenka ko abokanka ya riƙe maka shi a 'yar jakar yadi, ya tsaya kusa da ƙofar da za ka fito, don da an shafa fatiha jama'a za su yo kanka da musabaha, ba za ka samu sararin neman takalmi ba.